Ganyen Na'ana'a

Kwana tara ke nan da dawowarmu daga Fas,
har yanzu wayar Kiyari na zagaya fada
hannu zuwa hannu, kamar kofin shayi.
Mu biyar muka tafi.
Shekara biyu muna zubin adashe, jika goma duk wata,
Tanimun sai da ya sayar da babur ɗinsa ya cika.

Ga mu nan a bakin shuɗiyar ƙofa, haƙora waje.
Ga Rabe ranar da ya ɓata
a lungunan da jaki kaɗai ya san kansu,
muka same shi yana shan miyar wake da wasu tsofaffi,
ba ya jin su, ba sa jin sa, hira ta yi daɗi.
Ga Marwana da faransancinsa na lakwal,
ya taya darduma rabin kuɗi, aka ce albarka nan take,
ya kwana yana lissafin inda aka cuce shi.

Sai hoton majema.
Nan nake miƙa wayar ga na kusa da ni.

Jagora ya hau da mu bene uku,
wani yaro a bakin matakala yana raba ganyen na'ana'a,
wai a tare hanci da shi.
Ƙasa can, ramukan rini sun jeru
kamar faifan mai kayan yaji,
ja, rawaya, ruwan ƙasa,
mutane a ciki har cinya suna tattaka fata.
Turawa suka ɗaga waya. Mu ma muka ɗaga.
Ganyena ya tsaya a hannu, bai kai hanci ba.

Na san warin nan.
Shi ke riga babana shigowa gida da magariba,
toka da bagaruwa a ƙarƙashin farce,
sabulu uku ba su fid da shi.
Shi ne warin da ya sa na ce masa, ina aji huɗu,
in zai kawo mini kuɗin tara
ya tsaya can wajen mai ƙosai, kada ya iso ƙofar makaranta.
Ya tsaya. Kullum can yake tsayawa.
Ga ni na hau jirgi, na ƙetare hamada,
na biya kuɗi don in leƙa sana'arsa daga sama.

Jiya na sauka majemar garinmu,
ta bayan duwatsun Birni, ba jagora, ba tikiti.
Baba shekara shida ke nan ba ya nan.
Ƙanensa, Baba Illiya, na tsugune a gurbinsa,
wuƙar nan dai mai ƙota biyu.
Ya goge hannu a wando, ya karɓi wayar,
ya daɗe yana kallo.
Ya ce, yaron can na hagu bai iya riƙon fata ba.
Can kuma ya ce, wai biya ake a kalle su?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ba shi tsarabar da na yo masa, ƴar jakar kuɗi.
Ya shinshina, ya ja, ya murza da babban yatsa.
Akuya ce, in ji shi. An yi aiki.
Amma ba ta kai jar akuyar Maraɗi ba.
Ya sa ta aljihu, ya koma kan kirginsa.
Na zauna a kan dutse har aka kira la'asar,
ba wanda ya ce in matsa, ba wanda ya ce in tafi.

Yau da dare na buɗe fasfo zan adana,
ganyen ya faɗo, ya bushe, ya yi baƙi.
Tanimun na kan dafa shayi na uku.
Na jefa shi a buta ba su gani ba.
Rabe ya kurɓa, ya ce wannan wa ya haɗa?
Kiyari ya ce a miƙo masa wayarsa, caji ya kusa ƙarewa.